Burodi ne Mai Gida: Abincin Daren Jamusawa da Naman da Suke Ɗorawa a Kai

(Kiɗan buɗe shiri)

Uwargida da ke madafa, ɗan ƙara muryar rediyon. Maigida da ke zaune a teburin mai shayi, kai ma da kai ake yau, don zancen burodi za mu yi. Sai dai tafiyar tana da ɗan nisa, ƙasar Jamus muka nufa.

A ce an gayyace ka cin abincin dare a gidan wani Bajamushe, a birnin Bonn ko Kolon. An ce maka ƙarfe 6 da rabi, ka isa a kan lokaci, tun da ka ji labarin ba sa wasa da agogo. Tun rana ka ƙi cin komai don ka bar wa liyafa wuri. Ka shiga gidan, ba ƙamshin miya, ba tukunya a wuta. A kan tebur ga kwandon burodi yanka-yanka, mai duhu, mai nauyi a hannu. Ga bota, ga cuku, ga tumatir, ga kokwamba mai tsami a cikin kwalba, ga wani faranti da aka jera nama sirara-sirara, har kana iya hango hasken fitila ta cikin wasu. A gaban kowa an ajiye ɗan katako mai faɗin tafin hannu biyu, da wuƙa. Kai kana ta jiran a shigo da abinci, ashe abincin ke nan a gabanka.

Wannan shi suke kira Abendbrot, wato burodin maraice. A al'adarsu ta da, da rana ake cin abinci mai zafi, da dare kuwa a ci mai sanyi. Aikin ofis ya sauya wa gidaje da dama wannan tsari, amma har gobe yana nan. Baƙo zai iya cewa a ransa, kai, wannan ai rowa ce. To, bari ya ci yanka biyu, ya ɗauki na uku. Yawanci a nan ake ajiye wuƙa.

Me ya ƙosar da shi? Naman da ya ci bai kai tsinken tsire ɗaya ba. Burodin ne ya yi aikin.

Jamusawa mutanen burodi ne na gaske. Cibiyar da ke rajistar burodinsu ta lissafa iri fiye da 3,000, kuma a shekarar 2014 aka sanya sana'ar yin burodi cikin jerin al'adun gargajiya na ƙasar da ake kiyayewa. Da yawa daga cikin burodin nan da wani hatsi ɗan'uwan alkama ake yi, wanda suke kira Roggen, mai jure sanyi da ƙasa marar ƙarfi. Garinsa ba ya tashi da kyau sai an tsamama kwaɓin, kamar yadda uwargida ke barin ƙullun waina ya kwana. Shi ya sa burodinsu ke da ɗan tsami-tsami, kuma yakan yi kwanaki bai lalace ba. Akwai wani baƙi wuluk daga yankin Westfaliya da ake kira Pumpernickel, wanda ke shafe aƙalla awa 16 a cikin tanda a kan wuta kaɗan-kaɗan.

Amma kalmar da nake so ku riƙe ita ce Vollkorn, ma'ana ƙwayar hatsi sukutum, da dusarta da komai. A ƙa'idar Jamus, ba a kiran burodi da wannan suna sai kashi 90 cikin 100 na hatsin da ke cikinsa, ko fiye, ba a raba shi da dusarsa ba. Ita dusar nan da muke surfewa mu zuba wa awaki, ita ce ke sa abinci ya daɗe a ciki. Hanji ba ya narkar da ita da sauri, sukari ba ya kwarara cikin jini gaba ɗaya, yunwa kuma ba ta dawowa da wuri. Irin wannan burodi yana ɗauke da dusa ninki biyu ko fiye na abin da ke cikin farin burodi mai laushi, wanda za ka iya dunƙule rabinsa a tafin hannu ya koma kamar ƙwallon fura. Wanda ya karya da farin burodi ƙarfe 7, kafin 10 cikinsa ya fara kiran ciroma. Ba sai na rantse muku ba.

Sai dai a yi hattara da launi. Duhun burodi ba shaida ba ne. Masu gashi, a can da ma ko'ina, sukan sa ƙonannen sukari ko tsiron hatsi don ya yi duhu, alhali farin gari ne zalla. A ɗaga shi a ji nauyinsa, a duba yankan ko ana ganin ɓarzajjen hatsi, a karanta abin da aka rubuta a jikin leda.

Shi kuwa burodi mai haɗi, wanda 'yan boko ke kira sanwici, sunan ya samo asali ne daga wani basaraken Ingila na ƙarni na 18, John Montagu, mai sarautar Sandwich, wanda aka ce yakan sa a kawo masa nama a tsakanin yanka biyu don kada ya tashi daga tebur. Na Jamusawa a gida yanka ɗaya ne, a buɗe, a shafa bota a ɗora abu a kai. Butterbrot suke ce masa, a Balin kuma Stulle, har Rashawa suka ari kalmar suna cewa buterbrod. Sai in za a fita da shi ne ake rufe shi da yanka na biyu, kamar wanda iyaye ke sa wa 'yan makaranta a ɗan akwati don cin tara. Kuma buɗaɗɗen yana da wata fa'ida: komai a fili yake, idonka na ganin yawan abin da ka ɗora. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

(Gajeren kiɗa)

To, masu sauraro, mu koma kan farantin naman nan. Yawancinsa abin da suke kira Wurst ne, wato niƙaƙƙen nama da aka haɗa da kitse da gishiri da kayan ƙamshi aka ɗura cikin hanji ko wata leda ta musamman. Ana ƙiyasta suna da iri kusan 1,500, amma mahautansu sun kasa su gida uku. Akwai wanda ba ya ganin wuta sam, gishiri da iska da hayaƙi ne ke nunar da shi cikin makonni, kamar salami. Akwai wanda ake ɗurawa ɗanye sannan a turara shi a ruwan zafi, kamar Lyoner da Fleischwurst, masu laushi da launin hoda. Akwai kuma wanda sai an dafa kayan haɗin kafin a ɗura, kamar na hanta da na jini. Ban da waɗannan akwai cinya guda da ake jiƙa wa gishiri a ƙyafe, irin ta yankin Baƙin Daji da ke kudu maso yammacin ƙasar, wadda ake turara wa hayaƙin itatuwan dajin. In an yanka kowannensu sirara don ɗorawa a burodi, sunansa Aufschnitt.

Sunayen nan kuwa suna da ruɗi. Akwai Teewurst, ba shayi a cikinsa, da shayin la'asar dai ake cinsa. Akwai Bierschinken, ba giya a cikinsa. Akwai Leberkäse na Bavariya, sunan na nufin hanta da cuku, amma a can Bavariya ba ka samun ko ɗaya a ciki. Abin dariya ne, sai dai ga Musulmi dariyar tana da iyaka, domin fiye da rabin naman da ake ci a Jamus na alade ne, kuma mafi yawan abin da na lissafa yanzu da shi ake yi, har da cinyar Baƙin Dajin. Na jini kuwa ba sai an yi dogon bayani ba.

Ɗaliban da ke shirin tafiya karatu, da 'yan kasuwa, da masu zuwa ganin likita, ku ɗauko biro. Kalmar ita ce Schwein: S, C, H, W, E, I, N. Alade ke nan. Speck kitsensa ne. Schinken, in ba a haɗa shi da sunan wata dabba ba, cinyarsa ce. Rind saniya, Kalb maraƙi, Lamm ɗan rago, Pute talotalo, Hähnchen kaza. Amma kada babban rubutun gaban leda ya ishe ku. Akwai wani na hanta mai sunan maraƙi, Kalbsleberwurst, wanda galibi alade ya fi yawa a cikinsa. Ku juya bayan ledar, ku nemi inda aka rubuta Zutaten, wato kayan haɗi. Doka ta tilasta a jera su, daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. A duba har hanjin da aka ɗura naman a ciki, don akan yi na kaza a cikin hanjin alade, a kuma lura da Gelatine.

Ga wani abu da ke faruwa a shagon mahauci, wanda iyaye ya kamata su sani tun kafin su shiga. Kina tsaye gaban gilashi, 'yarki na riƙe da gefen mayafinki. Mai sayarwa ta ɗora nama a sikeli, ya ɗan zarce abin da aka ce, ta ɗago kai ta yi tambayar da kowane Bajamushe ya haddace: ko a bar shi da ɗan ƙarin? Sannan ta hango yarinya, ta yi murmushi, ta naɗe yanka guda a bakin cokali mai yatsu ta miƙo mata ta saman gilashi. Kyauta ce, tsohuwar al'ada ce, ba ta nufin komai sai alheri. Amma yankan nan kusan kullum na alade ne. Ki yi godiya, ki ce ba ta ci, shi ke nan, ba wanda zai ji haushi. Kuma ki tuna injin yanka ɗaya ne yake bi ta kan kowane nama a wannan shago.

To ina mafita? Tana nan, kuma ba ta da nisa. Tun yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata daga Turkiyya a 1961 Musulmi suke ƙaruwa a Jamus, yanzu sun haura miliyan 5. Duk babban gari akwai shagunan Turkawa da na Larabawa, inda za ka ga tambarin halal, ko helal yadda Turkawa ke rubutawa. A nan ake samun salamin saniya, da ƙirjin talotalo yankakke, da sucuk mai tafarnuwa, da pastirma, busasshen naman sa da aka lulluɓe da hulba da jan barkono, wanda duk mai son kilishi zai gane ɗan'uwansa ne. Su kansu Jamusawa suna da na saniya zalla: a birnin Frankfurt akwai Rindswurst, da wani gidan mahauta ya shahara da shi tun 1894, Yahudawan garin na cikin masu sayensa na farko. Sai dai rashin alade daban, yanka daban. Dokar ƙasar ta ce a sumar da dabba kafin a yanka, sai wanda ya samu izini na musamman, malamai kuma sun yi saɓani a kan wannan. Ba fagena ba ne, kowa ya tambayi malaminsa, ya kuma tambayi mai shago. Matambayi ba ya ɓata.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu sai maganar da masu sayar da nama ba sa son a yi. Halal ɗin ma, lafiya tana da nata hukuncin a kansa.

A watan Oktoba na 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin babban hanji. Sarrafaffe a nan na nufin wanda aka adana da gishiri, ko hayaƙi, ko sinadarin da ke riƙe masa jan launi. Ta ce cin giram 50 kullum, kamar yanka uku ke nan, yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Kada hankali ya tashi. Ba cewa aka yi mutum 18 cikin 100 za su kamu ba, ƙari ne a kan ɗan haɗarin da kowa ke da shi tun asali. Kuma maganar ta mai ci kullum ce, shekara da shekaru. Amma fa ba ta ware saniya ko talotalo ba, har busasshen nama irin namu yana ciki.

Sai gishiri, wanda ni a ganina shi ya fi kusa da mu, ganin yadda hawan jini ya zama ruwan dare. Hukumar ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ke nan da ƙyar. Giram 100 na salami kaɗai ba a rasa giram 3 zuwa 4 na gishiri a ciki, ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku kitse ne. Shi burodin ma da nasa gishirin, cuku da nasa. Ƙungiyar masana abinci ta Jamus da kanta, a shawarar da ta fitar a 2024, ta ce nama da Wurst gaba ɗaya kada su wuce giram 300 a mako. A mako fa, a ƙasar da ke alfahari da iri 1,500.

Mata masu juna biyu, ku matso kusa. Irin naman da ba ya ganin wuta, likitocin Jamus suna hana mai ciki cinsa, saboda wasu ƙwayoyin cuta, ciki har da listeriya, wadda kan iya taɓa ɗan da ke ciki. Mugun halinta shi ne tana hayayyafa ko a cikin sanyin firji. Don haka ledar yankakken nama in an buɗe, a cinye cikin kwana 3, a kuma duba ranar da aka buga a jiki.

To yaya za a haɗa shi ya ƙosar, ya yi daɗi, bai zama cuta ba? Ku zo mu yi tare.

Ga yankan burodi mai dusa, kaurin ɗan yatsa. A shafa bota kaɗan, amma a kai ta har gefe-gefe. Aikinta ya wuce ɗanɗano, ita ce katangar da ke hana ruwan tumatir jiƙa burodi ya zama kamar an tsoma shi a shayi. Wanda ba ya son bota ya murje fiya ya shafa, ko cuku mai laushi. Jamusawa kan ɗan goga mastad, ɗan yajinsa yana sa ba ka neman ƙarin gishiri. Sai ganyen latas da aka wanke sosai, aka tsane shi sarai. Ganye mai ɗigar ruwa shi ke kashe burodi.

Yanzu nama, yanka ɗaya, in an matsa biyu. Kada a shimfiɗa shi kamar tabarma. A naɗe shi, a ɗan tattare shi ya yi tudu, iska ta shiga tsakani. Haka ƙamshinsa ke tashi, haƙori ya ji kamar ya samu abu da yawa. In salami ne, a fitar da shi daga firji ya sha iska na minti 10, don sanyi yana danne ɗanɗanon kitse. Dalilin yanka shi siriri ke nan tun farko: an yi shi da ƙarfin gishiri da hayaƙi yadda kaɗan zai game baki duka. Mai cusa yanka shida a burodi ɗaya gishiri kawai yake ji.

Sauran wurin na kayan lambu ne, kuma a nan ba a rowa: tumatir, kokwamba, albasa, gurzajjen karas, kabeji. Ya kamata tudunsu ya fi na nama. In yini mai tsawo ne a gaba, a ƙara dafaffen ƙwai guda. Gishiri kuwa a bar shi inda yake, naman ya riga ya kawo rabonsa.

Na san wani zai ce, malam, mu da ke nan ina muka ga talotalon Jamus? Ba a bukatarsa. Dabarar ce abin ɗauka. Ragowar gasasshiyar kaza ta jiya, ko balangu marar kitse da aka yanka sirara, sun ma fi naman leda lafiya, tun da ba a jiƙa su da gishirin adanawa ba. Kifin gwangwani in an tsiyaye mansa, dafaffen wake da aka murje da albasa, tunkuza da ɗan yaji, duk suna zama. Gidajen burodi da dama a manyan garuruwanmu suna yin na alkama, sai a riƙa tambaya. Abin da ya fi damuna shi ne bama da ake lafta wa burodi cokali uku, a bi da soyayyen ƙwai mai ninkaya a mai, a kora da shayi mai sukari cokali huɗu. Malam mai shayi, ba da kai nake faɗa ba, abin da aka ce ka zuba shi kake zubawa.

Sai zafinmu, wanda Bajamushe bai san irinsa ba. Burodin da ke da ƙwai, ko nama, ko bama, kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi kuwa awa 1. Uwargida, in na 'yan makaranta ne, a haɗa shi da safe, kada a kwana da shi, a gaya musu su ci a tara ta farko. In wuta ta ɗauke dare guda firji ya huce, naman leda da aka buɗe a haƙura da shi, ko bai yi wari ba. Listeriya ba ta wari.

(Kiɗan rufe shiri ya fara a hankali)

Agogo ya cim mana. Wanda ke da ɗa ko ƙani da ke shirin tafiya Jamus, don Allah a rubuta masa kalmar nan mai harafi bakwai a takarda, S, C, H, W, E, I, N, ya sa a aljihu. Masu hawan jini kuma, kafin ku sauya abincinku, ku fara jin ta bakin likitanku.